Ranar da Vilius Ya Tare Mijin Ƙanwarsa

A garinmu Kupiškis, duk wanda ya manyanta ya san Vilius Dapkus da Giedrius tun suna jefa ƙwallo a kwandon da aka kafa jikin gareji a bayan makaranta. Vilius ƙato ne mai nauyin baki, tun bai gama sakandare ba sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidansu. Giedrius kuwa ɗan tsamurmuri ne, ga gudu ga surutu. Shi ya laƙaba wa Vilius suna Bijimi, sunan ya bi shi har manyan filaye. Daga baya Giedrius ya auri Neringa, ƙanwar Vilius, abota ta zama surukuta.

Dukansu sun kai babbar gasar ƙasa, amma ba a ƙungiya ɗaya ba. Vilius bai taɓa zama mai cin maki da yawa ba. Aikinsa ya tsaya ƙarƙashin kwando ya hana kowa wucewa, kuma da wannan ya ci abinci: ya buga a Poland, ya buga a Jamus, ya dawo gida. Masu horarwa suna son sa don ba ya tsoron karo. Giedrius ne tauraro. A shekarar da abin ya faru, ana ta raɗe-raɗin wata ƙungiya a Sifaniya ta gama magana da shi.

Ƙungiyoyinsu sun haɗu wata Lahadi da rana a watan Fabrairu. Muka cika bas daga garinmu, har da mahaifiyar su Vilius, Danutė, wadda ta ce ita ba ta da ɓangare, duk wanda ya ci nata ne. Ana ɗumama jiki Giedrius ya zo ya daki ƙirjin Vilius.

"Bijimi, yau ka kauce min, jirgi nake shirin hawa."

"Biyo ta nan, ɗan tsako, ka ga ko akwai hanya," in ji Vilius.

Wasa ya kusa ƙarewa, maki kunnen doki, Giedrius ya ƙwace ƙwallo ya nufi kwando a guje. Ya tashi sama, Vilius ya tashi ya tare shi. Kafaɗar Vilius ta ɗauke masa ƙafafu, ya juya a iska ya sauko a kan wuyansa. Bai motsa ba. Zauren wasan ya yi tsit, har muna jin muryar Neringa tana kiran sunan mijinta tana tsallake kujeru.

Alƙalin wasa ya busa laifi irin na kullum. Hukumar gasa ma da ta duba hoton ta ce babu mugun nufi. Amma talabijin ta yi ta maimaita faɗuwar, kowa yana ganin abin da yake son gani. A shagon garinmu wasu suka ce tsautsayi ne, wasu suka ce hassada ce, ai surukin da ya fi ka ba ya daɗin kallo.

An yi wa Giedrius aiki a ƙashin baya a birnin Kaunas. Vilius ya je asibitin, Neringa ta tare shi a baranda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, ka koma. Ba yau ba."

Ya sake zuwa, ta sake faɗa masa haka. Daga nan ya daina.

Giedrius ya tashi, ya koyi tafiya da sanda, hannunsa na hagu bai dawo daidai ba. Maganar Sifaniya ta mutu, maganar ƙwallo ma ta mutu. Vilius kuwa ya koma fili, amma ba shi ba ne. In mutum ya taso masa sai ya ɗaga hannu kawai, ya ja da baya. 'Yan wasa suka gane, suka riƙa bi ta kansa kamar ƙofar da aka bari a buɗe. A filayen wasu ƙungiyoyi 'yan kallo suna kiran sunan Giedrius duk sanda ya taɓa ƙwallo. Kocinsa ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce masa shi bai ɗauki ƙaton mutum don ya riƙa ba mutane hanya ba. Vilius sai ya ce to, gobe ya sake yin abin da ya yi jiya. Kakar wasa ta ƙare ba a sabunta masa kwantiragi ba. Ya sauka ƙaramar gasa, inda ake wasa a zauren makaranta, mutanen da suka zo kallo rabinsu dangin 'yan wasa ne.

Wadda ta fi shan wahala Danutė ce. Ranar jajiberin Kirsimeti, da aka saba kowa ya hallara a teburinta, sai ta yi girki biyu: Neringa da mijinta su zo su tafi, sannan Vilius ya zo ya zauna gaban kifi da baƙin burodi ya kasa ci. Ta rame. Ta daina kunna talabijin in ana ƙwallo.

Da bazara ta biyu ta zo, Giedrius da kansa ya aika a kira Vilius. Vilius ya same shi a lambun bayan gida, zaune kan benci, sanda a jingine. Ya yi ƙiba, gashinsa ya fara furfura. Suka ɗan taɓa maganar dankalin bana da rufin Danutė da ke yoyo. Can Giedrius ya ce tambaya ɗaya yake da ita, kuma ba ya son a yi masa kwana-kwana.

"Ka ga ƙafafuna sun bar ƙasa kafin ka taso?"

 Da Vilius ya ce bai gani ba, da maganar ta wuce, kowa ma haka yake so ya ji.

"Na gani."

"Kana iya fasawa?"

"Ina iyawa. Ban yi tunanin kai ba ne. Rigar abokin hamayya na gani ta taho, na yi abin da na saba yi."

Giedrius ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce ya san haka, don shi ma ya sha shiga ƙarƙashin ƙafafun mutane, Allah ne ya tsare su. Ya ce ba ya riƙe shi da mugunta, kuma zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi. Sannan ya ƙara da cewa:

"Amma kar ka riƙa zuwa gidan nan tukuna, Vilius. In na gan ka a tsaye a kan ƙafafunka, raina ɓaci yake yi. Ba laifinka ba ne, haka nake ji."

Neringa tana tsaye a tagar kicin, ba ta fito ba.

Vilius ya ƙara kaka ɗaya a wata ƙungiya a Latbiya, yawanci a benci. Babu wanda ya shirya masa wasan bankwana, babu jaridar da ta rubuta ya daina. Wani tsohon abokin wasansa ya samo masa aikin sa tagogi a Norway, inda tsawonsa ya yi amfani. Ranar da zai tafi, Danutė ta raka shi tasha da ƙunshin naman da aka kyafe da cuku. Bas ta kusa tashi sai ga motar Neringa. Ta fito ita kaɗai, ta miƙa masa safar hannu ta ulu, ta ce an ce can sanyi ya fi na nan. Ya tambaye ta jikin Giedrius, ta ce da sauƙi, har ma ya fara tuƙa mota.

Yana can har yanzu. Yana kiran mahaifiyarsa ranar Lahadi, wani lokaci in Neringa tana kusa takan karɓi wayar su gaisa. Shi da Giedrius ba su sake zama wuri ɗaya ba.