Allurar Mama Namasiku

Sirinjin yana hannuna, sunan Mama Namasiku manne a jikinsa, sai ga Dakta Hamoonga, shugaban sashenmu, ya leƙo da waya a kunne.

"Sista Chilufya, dakata da wannan. Surukar wani babba tana hanya."

"Ranka ya daɗe, allurar nan ita ce ta ƙarshe fa. Tsohuwar nan tun daga garin Mongu aka ɗauko ta, zuwanta na uku ke nan."

"Ni na ce ba daga Mongu take ba? Ke dai yi abin da aka ce."

Ciwon tsohuwar a wuya yake. Ƙwayoyi huɗu ne a bayan maƙogwaron kowane mutum, kowacce ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Ɗaya daga cikin nata ce ta haukace, tana zuƙe ƙarfin ƙasusuwanta tana zubawa a jini, har ta kai tari kawai ya taɓa karya mata haƙarƙari. Likitan tiyata ya ce ba zai tsaga wuya yana lalube ba, sai mun ɗauko masa hoton wadda ta lalace. Hoton kuwa ba ya fita sai da allurar nan mai haska ƙwayar. Sau ɗaya a wata ake kawo mana ruwanta nan Lusaka daga Afirka ta Kudu, kuma da an haɗa shi ba ya kwana, ƙarfinsa zagwanyewa yake yi.

Na ɓare sunan da farcena. Eh, ni ɗin nan, da hannuna. Surukar babba ta iso tana ƙamshin turare, tana mitar sanyin ɗaki. Hotonta ya fito fes, babu komai a wuyanta sai sarƙar da na sa ta cire.

* * *

Na same su a benci. Mwangala, 'yar tsohuwar, mai sayar da busasshen kifi, ta tallafe uwar da kafaɗarta.

"Ruwan allurar ya ƙare," na ce, ina kallon takalmina. "Sai wata mai zuwa."

"Ya ƙare?" Mwangala ta miƙe. "Sista, tun asuba muke nan. Matar can da ta shigo yanzu, ruwan famfo kuka yi mata?"

"Ke, Mwangala, kama bakinki," in ji tsohuwar. "Yarinyar nan ce ke dafa maganin?" Ta juyo gare ni. "Mun gode, 'yata. Allah Ya kai mu."

Ta ɗaga tafukanta za ta tafa mini irin godiyarsu ta ƙabilar Lozi. Mwangala ta yi wuf ta riƙe hannayen, kada wani ƙashin ya tafi. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Kunya ta kama ni har na tsani farar rigar da ke jikina.

* * *

Da wata ya zagayo, Mama Namasiku na fara zuƙar wa allura, tun kafin wayar kowa ta yi ƙara. Na fito na kira sunanta da ƙarfi.

Mwangala ce ta taso, ita kaɗai, da katin asibiti a hannu.

"Ina Mama?"

"A hanyar komawa motar ta faɗa rami. Ƙugunta ya karye. Ko zama ba ta iya yi, balle tafiyar wuni guda."

"To ke me ya kawo ki, 'yar'uwa?"

"An ce wanda bai zo ranarsa ba, soke sunansa ake yi. Ita ta matsa in zo in amsa mata." Ta miƙo katin. "Ki rubuta mun zo."

Na rubuta. Ta ninke katin, ta soke shi a zaninta, ta fita neman motar Mongu. Ni kuwa na koma ciki na zauna gaban akwatin dalma da muke ajiye sirinji, allurar tana ciki tana hucewa.