Kunnen Goɗiyar Orval

Lurleen Haskett ta shekara ashirin da bakwai tana zama a kan kifaffen bokitin fenti, a gindin shinge ɗaya, tana ɗaukar hoton dawaki masu tare shanu a filin da ke bayan garin Weatherford. Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin garken nan ya ware karsana ɗaya, ya saki linzami a wuyan doki, to hotonsa na wajenta, ko ya saya ko bai saya ba. Galibi ba sa saya sai hula ta zauna daidai. Mazan Texas za su yafe wa hoto komai, ban da in ya nuna tumbinsu.

Ran Alhamis da hantsi, ana gwajin dawaki, Orval Tidwell ya tsayar da goɗiyarsa a gabanta. Dattijo ne mai shekara sittin da huɗu, dogo, busasshe. Goɗiyar kuwa ja ce, sunanta Pecan, kuma shekara uku ba a gama gasa ba tare da an kira sunanta cikin waɗanda suka ci ba. Tun watan Maris abin ya juya. Minti biyu da rabi ake ba kowa, da zarar mahayi ya sauke hannu ba shi da izinin jan linzami ko juya doki, doki ne kaɗai zai hana saniya komawa cikin 'yan'uwanta. Sau biyar a jere saniya tana kuɓuce wa Pecan.

"Uwar hotuna, ki wanke madubin kyamararki da kyau jibi, ranar gasa," in ji Orval. "In saniya ta sake kuɓuce mata, na sauka daga sirdi ke nan. Jikoki su riƙa hawanta zuwa akwatin wasiƙa."

"Kai dai faɗi kake yi, tsoho."

"Ba wasa nake ba. Goɗiyar lafiyarta ƙalau, likita ya duba ta har haƙora. Ni ne. Bayana ya sandare, na zame mata buhun siminti."

Ya juya ya tafi. Maganar ta tsaya wa Lurleen a rai, don cikin waɗanda ta fara aikin nan da su shi kaɗai ya rage a kan sirdi. Ga shi kuma ita mace ce da ba ta iya barin tambaya ta kwana. Buhun siminti? Ai ta san yadda buhun siminti yake zama a kan doki, ta ɗauki hotonsu ɗari-ɗari, wasunsu ma likitoci da lauyoyi. Orval ba haka yake zama ba.

Da azahar ta shige tirelarta, ɗakin da take ja da mota, da kofin shayi mai ƙanƙara, ta buɗe kwamfuta, ta jera hotunan Pecan na shekara uku. Ta dubi ƙugun Orval, daidai. Ta dubi ƙafarsa a likkafa, daidai. Hannunsa kwance a wuyan goɗiya kamar an manna shi. Tana shirin rufewa sai idonta ya faɗa kan kunne.

Dokin da ke tare saniya kunnuwansa biyu a kan saniyar suke, kowa ya san wannan. Na Pecan ɗaya ne. Na hagun a karkace yake, yana fuskantar mai ɗaukar hoton. Ta duba na bara, haka. Na bara waccan, haka. In goɗiyar ta juya ɗaya gefen, sai na daman ya karɓi aikin. Ta buɗe na bana, waɗanda aka ɗauka tun Maris, sai ta ga kunnen ya ƙara lanƙwasowa, a hoto biyu ma har da gefen ido.

"To fa," ta ce ita kaɗai. "Me kike nema a wajena?"

Me ya canja a Maris? Abinci dai shi ne, fili shi ne, bokiti shi ne. Ta kai hannu za ta ɗauki shayi, hannun ya taɓa kyamarar da ke kan tebur, wadda 'yarta ta saya mata ranar haihuwarta, sha ɗaya ga Maris. Sabuwa fil, ba ta ko tari. Tsohuwar kuwa, wadda ke ƙarƙashin kujerar mota, in an danna ta sai ka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara.

Nan Lurleen ta gano bakin zaren. Mai koyon hoto yana dannawa ne sa'ad da saniya ta juya, sai ya tashi da hoton wutsiya. Ita ta daɗe da wuce nan. Tana ganin kafaɗar saniya ta ɗan sauka, ta san birki za ta ja, sai ta danna kafin abin ya faru. Shekara ashirin da bakwai ta koya wa yatsanta wannan. Ba ta taɓa tunanin akwai mai sauraro ba.

Washegari da safe ta zo wajen gwaji da tsohuwar kyamarar, ba ta ce wa kowa komai ba. Orval ya ware wata baƙar karsana, ya sauke hannu. Karsanar ta zabura dama, kafaɗarta ta sauka, Lurleen ta danna. Pecan ta zauna a kan ƙafafun baya, ta juya tare da karsanar kamar igiya ɗaya ta ɗaure su. Sau uku haka. Masu kallo a kan shinge suka fara ihu. Sai Lurleen ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta danna a banza, karsanar tana tsakiyar gudu. Pecan ta turje nan take, yashi ya tashi. Ba don hannun Orval na riƙe da ƙahon sirdi ba, da ya bi ta kan wuyanta. Karsanar ta wuce abinta cikin garke.

Ya sauka, ya jawo goɗiyar har bakin shinge. "Ke, me na gani yanzu?"

Ta gaya masa duka, ta nuna masa kunnen a waya, hoto bayan hoto. Ya cire hula ya sosa kai. Sai dariya ta ƙwace masa, har da riƙe shinge.

"Wato shekara uku ina karɓar kyautar kan bel na azurfa, ina ɗaga wa mutane hula, ashe wata mata ce a kan bokitin fenti take hawan dokina?"

"Bayanka dai lafiya lau, wannan ne labarin."

"Bayana lafiya, ni ne ba na nan."

Dariyar ta mutu. Ya shafa wuyan Pecan, bai dubi Lurleen ba. Ta ji tausayinsa ya kama ta, ta kuma ji haushin kanta da ta tono abin.

"Gobe in zo da tsohuwar kyamarar," ta ce. "Babu dokar da ta hana ɗaukar hoto. Na karanta littafin dokokin gasar kaf."

"Ki karanta ki ƙara. Kada ki zo da ita, Lurleen. Gara in sauka da kunyata in san tawa ce."

Ran Asabar filin ya cika, ga warin shanu, ga hayaƙin gasasshen nama daga rumfar baya. Lurleen tana kan bokitinta da kyamarar da ba ta magana. Abu ɗaya ke cinta tun asuba: me goɗiyar za ta yi in ta gane ba mai gaya mata? Ba ta taɓa son ganin wani abu kamar wannan ba. Aka kira sunan Orval. Pecan ta shigo tana takawa a hankali, tun kafin ta kai garke kunnen ya juyo ya sami inda Lurleen take.

Nan ta gane shirun kyamara ba zai wadatar ba. Muddin goɗiyar tana ganinta a gindin shingen nan, za ta yi ta jira. Ta miƙe, ta ɗauki bokitin a hannu, ta bi ta gaban goɗiyar don ta gan ta sarai, ta fice ta ƙofar shanu.

Ta tsaya tsakanin tireloli biyu, rana na dukanta. Da fari shiru. Sai ihu ya tashi, ya faɗi, ya sake tashi, mutanen nan kuwa ihunsu ɗaya ne ko doki ya yi abin kirki ko saniya ta kusa tserewa. Ta kama kanta tana danna yatsa a kan cinyarta. Ƙararrawa ta buga. Lasifika ta ce maki saba'in da uku, makin da ba ya ba mahayi kunya.

Can sai ga Orval yana jan goɗiyar, gumi ya jiƙe su duka biyu, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Uwar hotuna, ina hotona?"

"Kai dai gaya mini. Ta ya ta yi? Karsanar farko, da ta ja birki, ta makara ko ta riga ta?"

"Ta makara kaɗan. A ta biyu kuwa, haba! Ƙirjinta har yashi. Ban taɓa jin ta haka ba." Ya buɗe hannuwa zai kwatanta, ya rasa ta inda zai fara, ya sauke su. "Ai sai wanda ya gani."

Ya gyara ragamar a hannunsa.

"Asabar mai zuwa ma zan hau," ya ce. "Sai dai in an kira sunana..."

"Na sani," in ji Lurleen. "Zan riƙa fita."