Mai Rumfa ko Mara Rumfa

…mai rumfar nan, shi ya kamata ta ce. Mai rumfa, shi ke nan, ta ja bakinta ta yi shiru. Me ya hana? Ga Halima Sa'adiyya nan zaune a gindin dalbejiyar tsakar gida, faifan wake a cinya, tana tsince tsakuwa tana mayar da ita cikin waken ba ta sani ba. Da hantsi ya ce za su tashi. To ga hantsi ya yi, rana har ta hau bangon ɗakin girki, ga waya kife a kan tabarma, ita kuma ga ta nan zaune.

Jiya fa. Jiya da la'asar wayar Habiba ta yi ƙara, autar tata ta ɗaga, sai ga fuskar yaron nan ta cika gilashin — yaron nan, ɗanta na fari, wanda ko a cikin ranta ba ta kiran sunansa sai ta kewaye. Yana Fatakwal, cikin wani kanti, da farar rigarsa ta matuƙan jirgi. Jirgin saman wani Alhaji yake tuƙawa, ɗan ƙarami, kujera huɗu, farfela ɗaya a hanci. Ta taɓa ganin hotonsa a hannun Habiba, ta wutsiyar ido, ta ce a ranta wannan ai da kaɗan ya ɗara adaidaita sahu. Da shi za su ƙetara teku zuwa wani tsibiri, Sawo Tome, inda Alhajin ke da harka. Teku… babu gona a ƙasa, babu titi, babu fili da za a ce in inji ya yi tari a lallaɓa a sauka. Ruwa gaba, ruwa baya. Shi ya sa sai an saka kwale-kwalen roba a cikin jirgin, irin wanda ke naɗe a jaka, in ta ɓaci an faɗa ruwa a fizgi igiya ya kumbura da kansa a shige.

In ta ɓaci. Haka ya faɗa, kamar mai zancen taya ta yi faci a hanyar Ɓaɓura.

Guda biyu ne a gabansa, ya juya wayar yana nuna wa ƙanwarsa. Ita tana bakin murhu, bayanta ta ba su, amma kunne ai ba shi da baya. Ɗaya babba ne, mai rumfa, rana ba ta taɓa ka, ruwan sama ba ya dukan ka, zoben iskarsa biyu, in ɗaya ya fashe ɗaya zai riƙe, har da aljihuna a ƙasa da ke cika da ruwa don kada igiyar teku ta kife shi. Sai dai nauyi. Ta ji nishinsa da ya ɗaga. Sai a bayan kujeru zai kwanta, sai an rage mai ko an rage kayan Alhaji, kuma ƙofar jirgin 'yar mitsitsiya — jirgi na nitsewa, ruwa na shigowa, wa zai juya baya ya janyo shi? Ɗayan kuwa kamar jakar 'yan makaranta, da hannu ɗaya za ka wurga shi waje, a gefen ƙafarsa ma zai zauna. Amma ba rumfa. Zobe ɗaya, in ya fashe ya fashe. Rana a ka, iska a ka, igiyar ruwa ta ga dama ta juye shi.

Habiba, da bakinta da ba ya shiru, ta ce ya ɗauki mai rumfar don ya fi kyau a hoto. Ya yi dariya. Sai ya ce ta miƙa wa Adda.

Adda. Haka yake ce mata tun yana koyon magana, yadda ƙannenta ke kiran ta. Habiba ce mai cewa Umma.

"Adda, ina wuni. Ke wanne kika gani? Ki zaɓa min."

Ga wayar a tafin hannunta, da ɗumin hannun Habiba a jikinta, ga fuskarsa nan kusa, kusa ƙwarai, da ta sauke ido kaɗan da ta ga ko ya rame. Ba ta sauke ba. Tukunya ta kalla.

"Ni me na sani a ciki? Duk wanda ya yi maka. Habiba, karɓi abinki, tuwona zai kama."

Tuwon da ko talge ba ta yi ba! Oh, Sa'adiyya. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya ce to shi ke nan, a saka su a addu'a. Habiba ta kashe, ta tsaya tana kallon ta, ta ce Umma ke kam, ta shige ɗaki. Wanne ya ɗauka? Habiba ba ta tambaya ba. Ita kuwa ta yaya za ta ce wa Habiba ta tambaya? Da wane baki?

Da Iya Tasalla na nan… ai da Iya na nan da ba a zo nan ba. Uwar mijinta, wadda ta zo daga Roni ranar yaye ta goya shi ta tafi da shi, don ɗan fari na kaka ne, haka aka taras. Ita ta laƙaba masa Maikasuwa, wai ranar kasuwa ya faɗo. Ita ce mai faɗa, ita ce mai kuka, ita ce mai cewa wallahi ba za ka hau wannan gwangwanin ba sai na ga abin da ke cikin jakar. Matar da ba ta sayen ƙwarya sai ta ƙwanƙwasa ta kara a kunne, ba ta sayen atamfa sai ta lasa ta ji ko za ta zuba. Da ta ce a buɗe mata duka biyun ta taɓa. To ba a buɗewa. Shi ya faɗa, jiya — a liƙe suke zuwa daga kamfani, in ka buɗe ka ɓata naɗin, sai an mayar an sake. Abin da za ka damƙa wa ranka, ba ka isa ka gan shi ba sai ranar. Wane irin ciniki ne wannan? Ka ɗauki jaka a rufe, ka hau sama da ita, ka ce tawakkali.

Iya ta rasu bara waccan. Malam, uban yaran, ya riga ta. Aka yi sadakar arba'in, aka raba kayan ɗakinta, 'yan tukwane da tasoshi kowa ya ɗauki nasa, amma ba wanda ya ce to wa zai ɗauki faɗan da take wa yaron nan. Yana nan a ƙasa inda ta ajiye shi.

Kaza ta sa baki a faifai. Kore ta ma… bari kawai.

Ruwa ja. Rafin bayan garinsu a ƙasar Gwiwa, damina ta cika shi har ya haura gonaki, tana 'yar yarinya za a kai ta wajen gwaggo a ƙetare. Masu fito sun jera gorunansu a bakin gaɓa, manya-manya, a kife. Baffa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana kara kunne. Ya wuce mai sheƙin, ya wuce babban, ya tsaya kan wani baƙi mummuna mai tabo a wuya, ya ce wannan. Aka kifa ta a kai, ruwan na shiga hanci, tana ihu, mai fito na turawa — amma can ƙasan ihun hankalinta a kwance yake, don Baffa ne ya zaɓa. Ko ya san gora? Manomi ne fa, bai taɓa yin fito ba. Ƙila ma ƙwanƙwasar banza yake yi. Amma ya tsaya, ya duƙa, ya ɓata lokacin mutane a kanta, tana gani.

Ita kuwa tukunya ta kalla.

Ai ba yau ta fara ba. Shekarar da baƙon dauro ya kwantar da shi a Roni, ta je, ta tsaya daga bakin ƙofa, tana jin numfashinsa yana fita da ƙyar a bayan labule, ta gaida Iya, ta tambayi damina, ta tambayi akuyar da ta haihu. Matan gidan suka bi ta da kallo suna gyaɗa kai: Sa'adiyya akwai kunya, Sa'adiyya akwai kara, 'yar gidan mutunci. Ta ji daɗi. Wallahi ta ji daɗi, me za ta ɓoye? A bayan motar dawowa ta cusa mayafi a baki har Kazaure. Ranar da ya samo takardar tuƙin jirgi mata suka cika gidan nan da barka, ta ce ai na Iya ne, can za ku kai. Telan bakin layi da ke da suna irin nasa, shekara da shekaru Tela take ce masa. Sunan yankan nan sau ɗaya ya shiga kunnenta a matsayin na ɗanta, safiyar suna, daga zaure, ta ja zane ta rufe fuska. An yaba. Kowa ya yaba. To ina masu yabon yanzu? Wacce a cikinsu za ta shiga teku ta janyo jaka daga bayan kujera?

Hannunta ya kai kan wayar. Habiba ta tafi aiki tun safe, gidan ba kowa, ba mai gani. Yayan Habiba — haka aka rubuta mata shi a ciki. Ta danna. Wata mata ce ta amsa, muryar nan ta kamfani mai sanyi, wai layin a kashe yake. Ta sake. Matar ba ta gajiya.

Sun tashi ke nan? Ko yana cikin duba jirgi ne ya kashe? Ko caji… Ko yanzu haka ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinsa, sai shuɗi, sai ƙarar farfela ɗaya tal, shi da Alhajin da jakar da ba wanda ya san cikinta. Tana gefen ƙafarsa? Tana bayan kujera? Ya Allah, tana ina?

Akwai saƙon murya, Habiba ta koya mata, a danne a yi magana a saki. Ta danne. Salamu alaikum, dama Habiba ce ta ce a tambaya… ƙarya. Ta goge. Ta sake dannewa. Mai rumfar nan — tsaya. In ya maƙale a ƙofa fa? In ya juya baya janyo shi ruwa ya rufe su, saboda ita ta ce? To ƙaramin. Ƙaramin, rana ta gasa shi kwana da kwanaki, shi da ko zazzaɓi ya yi sai leɓensa ya tsage, igiyar ruwa ɗaya ta zo ta… A'a. A'a. Ba ta sani ba. Da gaske ba ta sani ba, gaskiya ta faɗa masa jiya, me ta sani a ciki? Macen da iyakar ruwanta dam ɗin Kazaure, shi ma daga kan titi. Shi ne ya yi karatun, shi ya jera wa Habiba komai dalla-dalla, nauyi, ƙofa, mai, zoben iska, ba abin da ya bari, ya san su ciki da bai, mai kantin ma bai kai shi ba. To don me zai ce ta zaɓa?

Don me zai…

Faifan ya zame daga cinyarta, wake ya watse a ƙasa.

Ya sani. Tun kafin ya buga ya san wanda zai ɗauka, ko ma ya riga ya biya. Namiji da gemunsa, tsaye a tsakiyar kanti a garin mutane, Iya ba ta, Malam ba shi, gobe zai hau kan ruwan da ba shi da gaɓa, ya rasa wanda zai duƙa ya ƙwanƙwasa masa. Ko na banza ne. Ko ta faɗi ba daidai ba ya yi dariya ya ɗauki nasa. Ta dube shi kawai, ta ce kai, wannan ƙaramin bai yi min ba. Ta ɓata masa lokaci. Abin da ya roƙa ke nan, a gaban ƙanwarsa, a gaban mai kanti, ita kuwa ta ce tuwonta zai kama.

Hadari ya taso daga gabas, ganyen dalbejiya ya fara juya baya. Kaji sun taru a kan waken. Yatsanta na kan wayar, ya danne, jan ɗigon na ƙiftawa yana jiran ta. Harshen bai san hanyar ba, bai taɓa bi ba.

"Ahmad."

Muryar kamar ba tata ba. Ta waiga — har yanzu, har a wannan halin sai da ta waiga ta ga ko wani ya ji. Ba kowa. Yatsan ya saki da kansa, saƙon ya tafi, sunan kaɗai, ba mai rumfa ba mara rumfa, ko sallama babu.

Alama ɗaya ta fito a gefensa, 'yar toka-toka. Habiba ta ce ɗaya ya bar hannunki ne, sai ta zama biyu ya isa.

Ɗaya.

Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin, na biyu a bayan hannunta. Shanya na kan igiya, wake na ƙasa, ya kamata ta tashi… Ta ja gefen mayafinta ta rufe wayar, ta duƙa a kanta, tana leƙe ta ƙarƙashi.

Har yanzu ɗaya ce.