Kabarin Fasto Irmiya

Akwatin ya ƙi shiga. Maza shida suka sassauta igiya, ya sauka kaɗan ya tsaya cak a bakin ramin, matan coci suka rage muryar waƙarsu. Ni na haƙa ramin, ni Ɗayyabu da na shekara talatin ina haƙa kabari a maƙabartar Musulmin unguwarmu a Dutsin-Ma. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sabo da irin haƙarmu ne ya ja mini. Ranar da Fasto Irmiya ya rasu na shiga da kara na auna shi kamar yadda muke yi wa namu, na je na haƙa daidai jikinsa, da siririn rami a ciki inda mutum zai kwanta a kan gefensa. Na san da akwati ake rufe Kirista, amma na zaci ɗan katako ne kamar makara. Ashe 'ya'yansa sun sayo wani daga Katsina mai hannaye, faɗinsa ya kusa na gado.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa shekara ashirin da biyu. Mutumin Kurfi ne, ga surutu ga tsokana. Duk wanda ya rasu a unguwa, kafin in isa maƙabarta zan tarar da shi da digarsa da jarkar ruwa rawaya ta kwaɓa ƙasar rufi. Mu haƙa tare yana cewa na fi gyara ɗakin matattu a kan nawa mai yoyo. Da an taho da makara sai ya fita ya tsaya bakin ƙofa, hula a hannu. Kabarin mahaifiyata ma shi ya fara sara.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi na leƙa shi da hantsi, ya kama hannuna.

"Ɗayyabu, mazan cocina tsofaffi ne, ɗaliban da ke zuwa cocin kuma sun tafi hutu. Kai za ka haƙa mani. Kada ka yi mani aikin ha'inci don ni ba liman ba ne."

"Kai dai ka warke ka haƙa nawa," na ce. Kwana huɗu ya ƙara a duniya.

Kafin in tafi haƙa kabarinsa, Alhaji Sabitu, shugaban kwamitin maƙabartarmu, ya tare ni a ƙofar masallaci.

"Malam Ɗayyabu, mutane na magana. In ka sa diga a ramin wanga, kada ka ƙara sa ta a namu."

"Alhaji, wa ya haƙa na mahaifinka? Ba ni da Fasto ba?"

"Wannan daban."

"To hannun nan nawa ne, ba na kwamiti ba."

Na faɗa da ƙarfi, amma na san abin da zan iya rasawa. Aikin nan shi ne mutuncina a unguwa, ban da shi ni ba kowa ba ne.

Yanzu ga akwati a maƙale, ga wasu 'yan unguwarmu da suka biyo mu maƙabartar Kirista ta hanyar Kurfi don kallo, suna tsaye a inuwar dogon yaro. Na ji ɗayansu ya ce, "Ƙasa ta ƙi shi." Raina ya ɓaci har idona ya rufe.

Matarsa, Mama Rifkatu, ta matso. "Malam Ɗayyabu, mi za a yi?"

"A ɗaga shi, Mama. Ku ci gaba da waƙarku." Na juya wajen 'yan inuwa. "Ƙasa ba ta ƙi shi ba! Ni na yi kuskuren awo, ni kuma zan gyara."

Na cire riga na dira. Awa guda ina sara a cikin rana, matan suna waƙa da Hausa, wani baiti har na haddace shi don dole. Da aka sake sassauta igiya, akwatin ya sauka lafiya har ƙasa.

Kwana tara bayan haka yayan Alhaji Sabitu ya rasu da safe. Ba wanda ya aiko mini, a lasifikar masallaci na ji. Ban buƙaci kara ba, shekara nawa muna tsayuwa sahu ɗaya da mutumin. Na saɓa diga na tafi. Ramin ya kai mini gwiwa sai Alhaji ya iso da mutum biyu da sababbin shebur.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"Fito."

"Sai na gama, Alhaji."

Ya dubi mutanensa, suka dubi ƙasa. Na ci gaba da sara, ba wanda ya taɓa ni.

Aka kawo gawa, aka saka, aka jera itace. Liman ya ce a kwaɓa ƙasa, sai kowa ya fara waige. Babu ruwa. Shekara ashirin da biyu muna tarar da jarka a cike, ba wanda ya taɓa tambayata daga ina take.

Can bakin ƙofa, daidai inda mijinta yake tsayawa, Mama Rifkatu ta sauke jarka rawaya daga kanta. Ba ta shigo ba. Alhaji Sabitu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya taka har can ya ɗauko, ya dire a gabana.

"Kwaɓa, Malam Ɗayyabu," ya ce.

Na buɗe murfin. Ruwan da sanyinsa, na randa ne.