Yatsu Biyu a Hanyar Wakkanai

Tokuji da bakinsa ya ɗaure kansa, babu wanda ya sa shi. Shekara ashirin da suka wuce, yana koya wa 'yarsa Chizuru tuƙin babur, ya ce mata duk mahayin da ɗan'uwansa mahayi ya ɗaga wa yatsu biyu na gaisuwa a hanya ya kasa sakin hannun hagu ya amsa, to babur ne ke tuƙa shi, ya sauka ya ba da makulli. Yarinya kuwa ta riƙe maganar nan gam. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yana da shekara sittin da bakwai. Wata goma sha ɗaya ya yi yana matsa ƙwallon roba, har likita ya ce ya iya hawa. Chizuru ta ce likita bai taɓa hawa babur ba.

"Daga garin Rumoi zuwa garin Wakkanai, Baba, ina biye da kai. Ka amsa gaisuwa ko sau ɗaya, babur naka ne. In ba haka ba, makulli."

"Ni za ki yi wa jarrabawa? Ni da na saya miki hular kwano ta farko?"

"Kai ka kafa doka, ni haddacewa kawai na yi."

Da hantsi suka kama hanya, teku a hagunsu, shuɗi har inda ido ya ƙare. Warin gishiri da na ganyen teku da aka shanya a kan duwatsu ya shigo masa ta ƙarƙashin hula, daɗi ya kama shi har ya ji kamar ya yi kuka. Hannun ma ba laifi, yana matse kuloci yadda ake so.

Sai ga mahaya shida sun tunkaro a jere, kowa da yatsu biyu a sama, na ƙarshensu har miƙewa ya yi a kan babur yana rawar kafaɗa. Tokuji ya ce wa hannunsa tashi. Ina! Hannu ya ƙanƙame kan babur kamar an liƙa shi da danƙo. Kai ya gyaɗa musu, irin na tsofaffin da shi kansa yake yi wa dariya a da. Kunya ta rufe shi, ga fitilar Chizuru a madubi ba ta ko motsawa.

Da rana suka tsaya cin gasasshen kifi a wata rumfa a bakin ruwa.

"Goma sha tara," in ji Chizuru.

"Na me?"

"Mutanen da ka yi wa rowar gaisuwa."

"Ai na gyaɗa musu kai."

"Babu gyaɗa kai a maganarmu." Ta dubi hannunsa na hagu, yana riƙe da kwanon shinkafa ko rawa ba ya yi. "Baba, hannun nan lafiyarsa ƙalau."

Ya daɗe yana tauna kafin ya amsa. "Na sani. Tsoro nake ji, Chizuru. Gani nake ina saki zan faɗi."

Ta ƙara masa shayi.

Bayan sun wuce wani jerin manyan fankoki da iska ke juyawa don samar da lantarki, hanya ta miƙe samɓal, babu gida, babu itace, sai ciyawa da dutsen Rishiri zaune a tsakiyar teku. Tokuji ya yanke cewa ko wane ne ya zo yanzu, zai ɗaga masa, in faɗuwa ce a faɗi. To ka ji rashin sa'a, yanzu da ya shirya, ko ƙuda bai biyo hanyar ba. Ranar Talata ce, la'asar ta yi, mahaya duk sun sauka masauki. Allon bakin hanya ya ce saura kilomita talatin. Wani allon ya ce ashirin.

Nan Chizuru ta murɗa totur ta wuce shi fuu, ko waige babu, ta ɓace a bayan tudu. Abin ya soke shi ƙwarai. Wato ta gama yanke hukunci, ta tafi jiran makulli.

Can sai ga fitila ɗaya ta ɓullo daga kan tudun, tana tahowa. Jan babur, farar hula. Tun daga nesa ya gane zaman Chizuru ne, don shi ya koya mata shi. Hannunta na sama tun kafin ta iso, yatsu biyu, ba ta kuma da niyyar saukewa.

Ya matse tanki da gwiwoyi, ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya saki. Iska ta bugi tafin hannun, babur bai ko girgiza ba. Ya ɗaga shi har sama da kansa, yana ihu a cikin hula shi kaɗai kamar ƙaramin yaro, ya ƙi saukewa har ta wuce.

A bakin gari ta cim masa. Ta cire hula, idanunta jajur.

"Yatsa ɗaya da rabi na gani."

"Dokar ba ta ce a auna su ba."

Ta miƙo hannu, ya ɗauka makulli take so, sai ta kama hannun nasa na hagu ta riƙe da nata biyu. Da ta sake shi, da hannun nan na hagu ya zare makullin ya jefa a aljihunsa.