Ruwan da Ya Shiga Fili Na Bakwai

Damyan Kolarov ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki a wata ƙaramar tashar gwajin iri, tafiyar awa guda da rabi a mota daga birnin Ruse. Masara ce aikinsa. Dogo ne marar yawan magana, ma'aikatan gona suna ce masa Bai Damyan, kamar a ce Yaya Damyan, na ofis kuma Dakta. Saura shekara biyu ya ajiye aiki, kuma abin da zai tafi yana alfahari da shi guda ɗaya ne: wani irin masara mai jure fari da ya haɗa, wanda aka buga bayaninsa a wata mujallar masana ta Ingilishi shekara uku da suka wuce.

A watan Satumba editan mujallar ya rubuto masa. Wasu masu bincike a ƙasashe biyu sun shuka irin nasa, fari ya zo, ya bushe kamar kowace masara. Editan yana neman bayani. Damyan kuwa ya san bayanin tun bai kai ƙarshen wasiƙar ba. A shekarar gwajin, bututun ban ruwa da ya ratsa ta ƙarƙashin fili na bakwai ya tsage, ya yi mako uku yana tsiyaya, alhali wannan filin shi ne aka ware don kada ya ga wani ruwa sai na sama. Rumyana Pencheva, wadda ke auna tsirrai da danshin ƙasa a tashar tun tana budurwa, ta same shi a ofis a lokacin, takalmanta duk taɓo, ta faɗa masa. Ya ce mata ɗan yoyo ne, ba zai canza komai ba, ta ci gaba da awonta. Shekara tara ya yi a kan irin nan, ba shi da wata taran da zai sake bayarwa.

Amsar da ya tura wa editan gajeriya ce. Ya ce mai yiwuwa ma'aikaciyar da ta yi awo ta yi kuskure wajen rubuta alƙaluma. A taron ranar Litinin, da daraktar tashar ta tambaye shi a gaban kowa, ya maimaita haka. Bai kama suna ba, amma mutum ɗaya ke awo a tashar. Rumyana tana zaune a ƙarshen tebur, hannuwanta a kan jakarta. Kafin makon ya fita an ɗauke ta daga gona an kai ta ɗakin ajiyar iri, tana ɗinke bakin buhuna.

Wasiƙa ta biyu ta zo a Nuwamba. Damyan ɗan zamanin da ake koyar da Rashanci ne a makaranta, Ingilishinsa bai wuce na karanta jadawali ba, amma ya gane kusan komai, sai kalma ɗaya da ta fito sau uku. Ya tambayi wayarsa, ta ba shi ma'anoni har huɗu. Ya zaɓi wadda ta fi masa daɗi, ya gaya wa kansa cewa so suke a ɗan jingine rubutun har ya gyara. Kwana uku yana yawo da takardar a aljihu, hankalinsa bai kwanta ba. Ranar Lahadi ya tayar da mota ya nufi Ruse wajen yayarsa.

Nevena ta girme shi da shekara bakwai, ita ta ƙarasa renonsa bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta koyar da Latin da Ingilishi shekara talatin da biyar, yanzu tana zaune a hawa na huɗu ita da wata tsohuwar kyanwa. Ta zuba masa miyar wake, ta yanko masa banitsa, wani gashin fulawa mai cuku, da zafinta, ta yi masa tsiya a kan rigarsa da ta ce ta girmi wasu malaman jami'a. Sai da ya ci rabi sannan ya rubuta kalmar ita kaɗai a bayan wata ambulan ya tura mata. Ya ce wani abokin aikinsa ne ya gan ta a wani wuri yake tambaya.

Ta sa tabarau ta karanta: retract. Nan take fuskarta ta koma ta malamar aji.

"Kai da ka tsufa a bayan tarakta ka kasa gane wannan? Ai 'yan gida ɗaya ne."

Ta ce daga Latin Ingilishi ya aro ta, shekara ɗari biyar ko fiye da suka wuce, kuma gaɓa biyu ce. Ta gaba tana nufin baya, ta biyun tana nufin ja, irin jan da tarakta ke yi wa garma. A haɗe, jawo abu baya ke nan. Ta kamo ƙafar kyanwar ta danna, farata suka fito, ta saki suka koma. Ta ce wannan ita ce ma'anar farko, haka ma jirgin sama in ya naɗe tayoyinsa bayan ya tashi, ko likita in ya ja fata gefe don ya ga abin da ke ciki.

Damyan ya ji sanyi a ransa. Ya ce to ashe ba wani abu ba ne, abin da aka mayar ciki ai yana nan, gobe sai a sake fito da shi.

Nevena ta ce in farce ne, haka ne. Amma in magana ce, ko zargi, ko wani abu da aka buga, to labari ya sha bamban. Magana ba ta da kube da za ta koma ciki. Janye ta yana nufin mai ita ya tashi a inda ya faɗe ta, ya ce abin da na faɗa ba haka yake ba, kada kowa ya ƙara dogara da shi. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Wane ne abokin aikin naka, Damyancho?"

Ya ce ba ta san shi ba.

"Kunnuwanka sun yi ja. Tun kana ɗan shekara shida haka suke yi. Kawo takardar."

Ya miƙa mata. Ta karanta a tsanake, ta ce masa mujallar ta ba shi wata guda ya janye rubutun da kansa, in ba haka ba su janye shi su faɗi dalili. A ƙasan shafin amsarsa ta Satumba tana manne, ta karanta ita ma. Sannan ta tambaye shi ko ma'aikaciyar nan ita ce Rumyana, wadda ta riƙa kai wa matarsa abinci asibiti a shekarar da ta rasu. Ya ce ita ce. Ta ce to ta yi kuskuren?

Damyan ya zuba wa kwanon miyar ido. Shekararsa sittin da ɗaya, amma ji ya yi kamar an tsayar da shi a gaban aji. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya buɗe baki zai kawo maganar shekara tara da ƙarancin kayan aiki, ya ji ba za ta fito ba. Ya ce ba ta yi ba, ita ce ma ta faɗa masa bututu na yoyo a filin.

Nevena ba ta yi masa faɗa ba, shi ya fi ƙona shi. Ta tashi ta kwashe kwanuka, ta naɗe masa sauran banitsar a takarda kamar kullum. A bakin ƙofa ta ce duk abin da zai rubuta wa editan za ta fassara masa, in dai gaskiya ne.

Washegari ya wuce ɗakin ajiyar iri sau biyu bai shiga ba. A na uku ya tura ƙofa. Ɗakin sanyi ƙalau, Rumyana ta haɗa rigunan sanyi biyu, tana zaune a kan akwati da babbar allura a hannu. Ta ce ya rufe ƙofar saboda ɓeraye. Ya rufe, ya tsaya yana murza hularsa. Ya fara da tambayar ko ana kunna mata abin ɗumama ɗaki, ta ce an ce za a gyara. Daga nan ya tambaye ta ko tana tuna bututun fili na bakwai.

Ta ajiye allurar, ta buɗe jakarta ta ciro wani tsohon littafin awo mai baƙin bango, ta buɗe masa ba tare da ta laluba ba. Sha huɗu ga Yuli, da rubutunta ƙanana: ƙasa a jiƙe, bututu na yoyo, na sanar da Dakta Kolarov.

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya tambaye ta me ya hana ta nuna wa darakta.

"Sau biyu na kai shi har ƙofar ofishinta," in ji ta. "Sai na ga ai kai ma kana nan ranar, kuma kana da baki. Na ce bari in ga kwana nawa za ka ɗauka."

Ta ce ita zaman ɗakin nan bai dame ta ba, ta yi aikin da ya fi shi wuya. Abin da ya dame ta shi ne a shagon Genko, inda duk ƙauyen ke sayen burodi, ana tsokanar mijinta ana tambayarsa ko da gaske matarsa ba ta iya ƙidaya ba. Mutumin ya daina zuwa, yanzu ita ke sayo burodin.

Damyan ya ce ta yafe masa. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, shi kansa da ƙyar ya ji ta.

"A gaban mutum goma sha ɗaya ka faɗa, Dakta. Nan babu kowa sai buhuna."

Ta ɗauki allurarta ta ci gaba da ɗinki.

Taro na gaba sai Litinin mai zuwa, don haka kwana shida ya yi yana haɗuwa da mutanen nan a baranda suna gaishe shi da girmamawa, yana amsawa. Ya rubuta abin da zai faɗa ya yage har sau huɗu. Ranar taron, bayan an gama maganar taki da man tarakta, ya ce yana da magana, ya miƙe. Ya fara da cewa akwai yiwuwar wasu abubuwa sun shafi sakamakon gwajin, sai ya ji irin muryar da ya yi amfani da ita a Satumba ce. Ya tsaya. Ya dafa tebur.

"Abin da na faɗa a nan game da Rumyana ƙarya ne. Awonta daidai yake. Ruwa ya shiga fili na bakwai, ta zo ta faɗa mini, na ce ta yi shiru. Da asiri ya tashi tonuwa sai na ɗora mata. Na janye maganar."

Babu wanda ya ɗaga murya. Wani ya yi ta juya biro a hannu, wani ya kalli taga. Wani masanin ƙasa da Damyan ya koya wa aiki da hannunsa ya sunkuyar da kai, kamar shi ne ya yi laifin. Daraktar ta ce ya sake faɗa a hankali don a sa a rubuce, ya sake faɗa, kalma bayan kalma, yana jin ƙarar biron mai rubutu. Rumyana ba ta dube shi ba. Da aka tashi ta riga kowa fita.

Da yamma ya kira Nevena ya karanta mata wasiƙar da ya shirya wa editan. Da ya zo inda ya rubuta cewa kuskure ya auku, ta tsayar da shi ta ce kuskure ba ya aukuwa da kansa kamar ƙanƙara, ya faɗa mata wanda ya yi. Ya gyara ya sa sunansa. A watan Janairu mujallar ta buga sanarwa mai layi biyar, ta shata jan rubutu a kan kowane shafi na aikinsa. An sauke shi daga shugabancin sashen masara, aka bar shi ya ƙarasa shekarunsa biyu a matsayin ma'aikaci kamar kowa. Irin nasa aka cire shi daga jerin waɗanda za a ba manoma.

Labari ya zaga ƙauye cikin kwana biyu. Damyan ya koma cin abincin rana a cikin motarsa, burodi kuma sai ya tuƙa kilomita goma sha ɗaya zuwa wani ƙauyen ya sayo. Sau ɗaya ya hango mijin Rumyana a tashar bas, ya rage gudu da niyyar tsayawa, mutumin ya juya masa baya, ya wuce.

An mayar da Rumyana gona, aka kuma danƙa mata sabon gwajin da za a sake daga farko. Gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice. A tsakiyar Afrilu, da ƙasa ta yi ɗumin shuka, ma'aikata biyu suka kwanta da mura a rana ɗaya, aka rasa mai riƙe igiyar fitar da layi. Damyan ya fito daga ofis da takalman roba, ya je ɗaya ƙarshen filin ya kama igiyar ya durƙusa. Rumyana ta tsaya tana kallonsa daga nesa na ɗan lokaci. Sannan ta runtse ido ɗaya ta auna.

"Ta karkace, Dakta. Matsa hagu kaɗan."

Ya matsa. Ta ce ya yi yawa, ya dawo da taku guda, ta kafa turke. Saura layi arba'in, kuma gwiwoyinsa sun riga sun fara ciwo.