Hawa na Goma

Gashin kansa ya fara furfura, yana da shagon gyaran talabijin da rediyo a bakin titi, amma a gidansu har yanzu Auta ake ce masa. Yayansa ne ya hana sunan mutuwa. Yaya tela ne, shekara talatin yana kan keken ɗinki, har ranar da ya sunkuya ɗaukar almakashi ya kasa tashi. Da aka sallamo shi daga asibiti hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana sai ya ja ta kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

Wata biyu yana zaune a falo yana kallon bango. Likita ya ce a samo masa abin da zai ɗauke masa hankali. 'Yar Yaya, wadda ke aiki a kantin magani, ta aro sabon gem, irin wasan da ake bugawa a talabijin, a wurin wata abokiyar aikinta, ta kira Auta ya haɗa shi da talabijin.

Gem ne mai kyau, har ganyen bishiya kana ganin motsinsa. Ta saita shi yadda hannu ɗaya zai isa. Kibiya na nuna hanya, in ka faɗi, a nan wurin za ka tashi. Yaya ya faɗa rami sau uku, sai rubutu ya fito.

"Me ya ce?" in ji Yaya.

"Cewa ya yi, Baba, in kana so a tsallake maka wurin."

Yaya ya ture abin dannawar daga cinyarsa. "Har inji ma ya fara tausayina." Ya juyo da ƙyar. "Auta, ina namu?"

Nasu yana cikin kwali a ƙarƙashin teburin shago, tare da matattun fankoki. Mahaifinsu ne ya sayo musu shi suna yara, da kaset ɗaya tak: wani ɗan mutum riƙe da fitila yana hawan hasumiya mai hawa goma, tsuntsaye na ture shi, katako na zamewa a ƙarƙashinsa. Rai uku gare ka, in suka ƙare ka koma ƙasa, ko da ƙofar ƙarshe ka taɓa. A lokacin Yaya ne mai bugawa. Aikin Auta hura kaset da riƙe wayar eriya, in hoto ya yi rawa ya sha ranƙwashi. Yaya ya kai hawa na tara sau da yawa, bai taɓa ganin na goma ba.

Kwana uku Auta ya yi yana kankare tsatsa yana liƙe wayoyi da dalma. Ranar da kiɗan nan mai kama da kukan sauro ya tashi a falo, rabin fuskar Yaya ya yi dariya. Ya ɗora abin dannawar a gwiwa, ya sa hannun hagu. Ba a yi minti ɗaya ba rai ukun suka ƙare a ramin farko, wanda a da yake tsallakewa yana cin gyaɗa. Matar Yaya ta tashi ta shiga kicin.

Washegari Auta ya dawo da wani guntun katako. Ya raba abin dannawar biyu: ya kafa maɓallan tafiya a kan katakon, manya-manya, don hannun hagun Yaya, ya ja maɓallin tsalle da doguwar waya zuwa nasa hannun.

"Kai ka tafi da shi, ni in yi tsalle."

"An ba kura ajiyar nama," in ji Yaya, amma ya gyara zama.

Da farko abin ya ƙi. Kafin Yaya ya fitar da "yanzu" daga bakinsa ɗan mutumin ya riga ya faɗa. Daga baya Auta ya lura cewa kafaɗar Yaya na ɗagawa kafin harshensa, sai ya daina saurare ya koma kallon kafaɗa. Kullum da la'asar yake rufe shago ya zo. A wata guda suka kai hawa na shida.

'Yar takan tsaya a bayansu da jakarta a kafaɗa. "Baffa, wannan ai mugunta ce. Mutum ya sha wahalar awa guda, tsuntsu ɗaya ya mai da shi ƙasa? Na yanzu ma akwai masu wuya, sai dai kai za ka zaɓa."

"Gaskiyarki," in ji Auta. "Kaset ɗin ƙarami ne. Da sun sauƙaƙa shi da rana ɗaya yara za su gama, shi ya sa suka cika shi da tsuntsaye."

"Ko ma mene ne," in ji Yaya, "bai taɓa yi mini ƙarya ba."

A hawa na takwas suka tsaya cak. Mako uku ba ci gaba. Hannun hagun ma ya fara rawa, Yaya kan gaji kafin su kai na biyar, wani lokaci gyangyaɗi ya kwashe shi yana riƙe da katakon. Auta ya raka su asibiti, ya ga yadda likita ya daɗe yana kallon takarda kafin ya yi magana.

A makon ya nemo wani tsohon abokin sana'a, ya samo irin kaset ɗin, amma wanda aka taɓa cikinsa, rai ba ya ƙarewa. Ya ciro cikin ya sa a tsohon murfin nasu mai tabon biro.

Ranar suka wuce na takwas, suka wuce na tara. Sun faɗi ya fi sau ashirin. Auta yana ta surutu don kada Yaya ya dubi kusurwar da lambar ran da ya rage take. Ƙofar hawa na goma ta buɗe, kiɗa ya canza, matar Yaya ta fito da ludayi a hannu tana tafi.

Yaya bai motsa ɗan mutumin ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna lamba uku da ke saman talabijin, ba ta ragu ba.

"Tun na huɗu nake kallonta." Ya numfasa. "Har da kai, Auta?"

"Yaya, so nake kawai ka gani..."

"Kashe."

Auta ya mayar da kaset na asali, ya kawo washegari. Yaya ya ce ya gaji, sai gobe. Goben ma haka ya ce, ba faɗa ba zagi, har ya tambaye shi ya shago. A rana ta biyar, da hantsi, Auta na cikin kwance bayan wata talabijin 'yar ta kira shi a waya. Ciwon ya sake bugun Yaya. Kafin ya isa asibiti an rufe masa fuska.

Bayan mako biyu matar Yaya ta roƙe shi ya kwashe kayan, ta ce ba ta iya share wurin. Ya durƙusa yana naɗe wayoyi, 'yar na riƙe masa kwali.

"Baffa, ranar nan ina wurin aiki. Mene ne a hawa na goman?"

Ya tsaya da waya a hannu. Ya yi ƙoƙarin tunawa.

"Wallahi ban gani ba, 'yata. Shi nake kallo."

Ta gyaɗa kai. Kwalin ya tsufa, gindinsa ya fara buɗewa, sai suka kama shi su biyu suka sauka da shi a hankali har bakin titi.